Tsofaffin Masu Juya Faifai Da Sababbin Shiga

Mai karatu ya yi mana gafara, yau za mu tsoma baki cikin rigimar da ba ta gidanmu ba. Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu sana'ar sa wa jama'a faifan kiɗa a wurin taro, watau waɗanda a ke kira Di-je, ba fa Dije 'yar maƙwabta ba. Tsofaffin hannu a Amurka da Ingila da sauran wurare suna kukan wai yara sun ɓata musu sana'a. Yaro ya sayi kwamfuta ran Litinin, ran Asabar ka gan shi gaban jama'a yana ɗaga hannu sama, har da sunan da ya raɗa wa kansa. Mun ga ya kamata mu duba kukan nan, gama irinsa ba ya rasa aukuwa a ofis ko a makaranta.

Sai mu fara da abin da tsofaffin nan su ka sha wuyar koyo. Kowane kiɗa yana da saurin bugunsa. Wani ya buga 120 cikin minti guda, wani 124. Aikin Di-je shi ne ya fitar da jama'a daga wannan faifai ya shigar da su wancan ba tare da ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe ba. Sai ya kafa kunne guda ga abin da jama'a ke ji, ɗaya kunnen kuwa ga faifan da ke tafe, yana rage gudunsa ko yana ƙarawa, yana taɓa gefensa da yatsa, har bugun nan biyu su hau kan juna. Wani mutum a birnin Niyok, Francis Grasso, shi a ke yawan ambata da yaɗa dabarar nan wajen ƙarshen shekarun 1960. Garmahon nan Technics SL-1200 ya fito cikin 1972, ƙanensa na 1979 kuwa ya zo da abin ja na ƙara gudu ko ragewa da kashi 8 cikin 100. Mutum ya kan yi watanni a ɗaki kafin kunnensa ya faɗa, ga kuɗin sayen faifai, ga ɗaukar akwatunansu masu karya kafaɗa.

Sa'an nan zamani ya juya. Cikin 2001 kamfanin Pioneer ya fitar da na'urar CDJ-1000, cikin 2004 Serato ya kawo hanyar juya kiɗan da ke cikin kwamfuta kamar faifai. Yau akwai maɓalli guda wanda in an taɓa shi, na'ura ta daidaita bugun nan biyu da kanta kafin ƙiftawar ido. Abin da mutum ya kashe ƙuruciyarsa a kai ya zama aikin ɗan yatsa. Wanda ya ce wannan ba ya da ciwo, bai taɓa koyon kome da wuya ba.

Kuma akwai inda kukansu ya ke da gaskiya ƙwarai. Sabon shiga ba shi da iyali a wuyansa, sai ya karɓi aiki a kan rabin kuɗi, wani ma kyauta don dai a san da shi, mai gidan rawa kuwa ya ga banza ta faɗi. Ga kuma masu suna da su ka shigo ta sama. Da Paris Hilton ta fara wannan aiki a Burazil cikin 2012, shekara ta gaba kuma aka ba ta wurin zama a wani babban gidan rawa a tsibirin Ibiza, masu sana'a sun yi ta gunaguni, don sun ga suna ne aka saya, ba gwaninta ba. Zancen abinci ne wannan, ba mu raina shi ba.

Amma fa in aka waiwaya baya, sai a tarar tsofaffin nan su ma a bakin ƙofar wani su ka kafa rumfa. Cikin 1942 ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin James Petrillo, ta hana 'ya'yanta ɗaukar faifai ɗungum, don gidajen rediyo da wuraren shaƙatawa sun koma sa faifai maimakon ɗaukar makaɗa. Manyan kamfanoni biyu ba su daidaita da su ba sai 1944. To, me aka samu? Faifai bai mutu ba. Abin da makaɗa su ka samu shi ne asusu wanda kamfanoni ke zuba wani abu a ciki daga cinikin faifai. Watau da su ka yi faɗa a kan haƙƙinsu, sun ci. Na'ura kuwa ba wanda ya iya mayar da ita cikin akwati. A nan ƙasarmu ma ba sai an faɗa wa kowa ba: bukukuwa nawa ne da can sai kalangu, yau sai Di-je da lasifikarsa? Makaɗin da ya gaji ganga daga kakansa, da wane ido ya ke duban wanda yau ke kukan yara sun ƙwace masa aiki?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, manyan da tsofaffin nan ke taƙama da su, yara ne sa'ad da su ka yi abin da aka san su da shi. Kool Herc, haifaffen Jamaika, yana da shekara 18 ya yi wasan nan na watan Agusta 1973 a unguwar Bronx, wanda a ke lissafa shi mafarin kiɗan hip-hop. Shi kuwa Grand Wizzard Theodore, wanda a ke danganta masa dabarar goga faifai gaba da baya, bai wuce shekara 12 ko 13 ba. A ɗakin gidansu ya gano ta, ga yadda shi kansa ya ke ba da labari, uwarsa na faɗan ya rage ƙara, shi kuwa ya dafe faifan da hannu. Da ya sami kusantar Grandmaster Flash, wanda ke aiki tare da wansa, aka bar shi ya taɓa kaya. Da an kore shi don ƙuruciya, wa ya yi hasara?

A lura kuma da abin da Herc ya gano. Ya ga masu rawa sun fi zabura in an zo gaɓar da murya ta yi shiru ganga kaɗai ke magana, sai ya sami faifai biyu iri ɗaya yana maimaita gaɓar nan. Wannan aikin ido ne da hankali, ba na yatsa ba. Har yanzu ba a ƙera maɓallin da zai gaya wa mutum jama'a sun gaji, ko dattawa sun shigo a sassauta, ko wannan waƙa ba ta dace da wannan gida ba. Tsohon hannu da ya ɗauka dukan darajarsa tana cikin daidaita bugu, ya yi wa kansa arha.

Mu da mu ke aikin horad da malamai mun san ciwon nan. Tsohon malami ya ga sabo ya iso da takardar shaida mai ƙyalli, bai iya ko tsayad da aji ba, sai ya zuba masa ido yana jira ya faɗi. Ya kuwa faɗi. Amma yara arba'in da ke cikin ajin su ne su ka biya kuɗin dariyar. Haka nan in sabon Di-je ya ɓata biki, mai biki ba zai ce wane ne bai iya ba, cewa zai yi 'yan Di-je duk ɗaya su ke, baɗi ya jona wayarsa ga lasifika ya huta.

Saboda haka shawararmu ga tsofaffi ita ce su ja yaran nan a jiki. Jam Master Jay na ƙungiyar Run-DMC ya yi haka, gama yana cikin waɗanda su ka kafa makarantar koyon sana'ar a Niyok cikin 2002. Ba ma sai an gina makaranta ba. Makaɗan Hausa sun daɗe da hanyarsu: yaro ya yi shekaru yana ɗan amshi, yana ɗaukar kaya, kafin a sallame shi ya ja nasa. A ba sabo sa'ar farko kafin wuri ya cika, a tsaya bayansa, in an tashi a gaya masa inda ya kuskure, ba cikin mutane ba. Wanda ka koya wa aiki da wuya ya karya maka farashi, kuma da shi za a iya zama a yanke kuɗin da ba mai sauka ƙasa da shi.

Su kuma yaran, kada su ɗauka mun wanke su. Wanda aka ba sa'ar farko ya tuna share fage aka sa shi, kada ya ƙure murya ya ƙone waƙoƙin da babba ya tanada. Ya koyi daidaita bugu da kunnensa, ko da na'ura tana yi masa, domin akwai daren da kwamfuta za ta ƙi tashi, jama'a na tsaye, kayan da ke wurin kuwa na wani ne.