Hancin Kare da Zuciyar Mai Riƙe da Igiya

Idan ana zancen karnukan 'yan sanda, hankali yakan tafi ga hancin kare, a manta da mutumin da ke riƙe da igiyarsa. A ganina, a nan ne gizo ke saƙa.

A 1899 ne birnin Ghent na Beljiyam ya fara horar da karnuka domin aikin 'yan sanda. A yau, hanyar koya wa kare gano wari ita ce: a haɗa warin abin da ake nema, ƙwaya ko abin fashewa, da wasan da kare yake so, har ya riƙa zama ko tsayawa cak da zarar ya shaƙe shi. Sai dai kare ba wari kaɗai yake karantawa ba, har da ubangidansa. A 2011, Lisa Lit da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun gwada karnuka 18 da masu kula da su a ɗakunan da babu ƙwaya ko abin fashewa, amma aka sa masu karnukan suka zaci akwai. Sau fiye da 200 aka nuna alamar an samu. Ke nan zargin da ke zuciyar jami'i yana iya bin igiya ya sauka a hancin kare, a tsare bawan Allah a tasha ba gaira ba dalili.

Wannan ya fi nauyi a ƙasar Hausa, inda "kare" zagi ne, "karen farauta" kuma laƙabin ɗan barandan siyasa. Ko da yake mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba, dattijon da aka cusa wa kare cikin jakar da ke ɗauke da dardumarsa ba zai tsaya neman fatawa ba. Wulaƙanci zai gani. Jami'in da bai san haka ba, horonsa bai cika ba, komai ƙwarewar karensa.

Abin mamaki, mafarautanmu sun daɗe da sanin yadda ake koya wa kare bin sawu da jin kira, kuma suna da kalmominsu da kirarinsu. Mu manazarta mun fi tattara karin magana a kan kare, mun bar wannan ilimi a bakin tsofaffin da ke ƙarewa. Ya kamata sassan Hausa su tura ɗalibai su naɗe shi, ko don jami'in da zai horar da kare a Kano ko Maraɗi ya samu kalmomin da zai yi aiki da su.