Kafin a kori ɗalibi daga jami'a, sai an ji ta bakinsa

Duk lokacin da jami'ar UDS ko Jami'ar Fasaha ta Tamale suka ɗauki sababbin ɗalibai, 'ya'yanmu kan yi rantsuwar bin dokokin makaranta. Da yawa daga cikinmu iyaye muna ɗauka cewa daga ranar yaro ba shi da sauran magana, abin da kwamitin ladabtarwa ya yanke ya zauna. Dokar Ghana ba haka ta ce ba.

Jami'a tana da ikon hukunta satar jarrabawa, faɗa da ɓarna, kuma muna goyon bayan hakan. Amma ita ma tana ƙarƙashin tsarin mulkin 1992. Sashe na 23 ya wajabta wa hukumomin gwamnati da jami'ansu yin adalci da bin ƙa'ida, sashe na 21 ya kare 'yancin addini, sashe na 33 kuma ya buɗe ƙofar Babbar Kotu ga wanda aka tauye wa haƙƙi.

Misali mafi kusa da mu daga nan arewa ya fito. Hukumar WAEC ta soke sakamakon wasu ɗaliban makarantar Notre Dame ta Navrongo bisa zargin maguɗi, ba tare da ta saurare su ba. A shari'ar da aka sani da sunan Awuni, Kotun Ƙoli ta yanke a 2004 cewa hakan ya saɓa wa sashe na 23. Haka a Mayun 2021 Babbar Kotu a Accra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi Tyrone Marhguy, ɗan Rasta da aka ƙi saboda gashinsa. Duk da cewa ba a jami'a aka yi waɗannan shari'o'i ba, ƙa'idar ta shafe ta: dokar makaranta ba ta fi tsarin mulki ba. 'Yar'uwarmu da aka takura wa kan hijabi tana iya kafa hujja da wannan.

Ɗaya hanyar kuwa mun ga ƙarshenta. A Oktoban 2018 ɗaliban KNUST a Kumasi suka fusata kan yadda masu tsaron jami'a suka kama 'yan'uwansu, zanga-zanga ta rikiɗe zuwa ɓarna, aka rufe makarantar. Mai laifi da marar laifi duk suka koma gida.

Don haka ɗalibin da aka kira gaban kwamiti ya nemi a ba shi tuhumar a rubuce, ya duba sashen da aka ce ya karya a littafin dokokin ɗalibai, ya nemi lokacin shirya amsa da kawo shaidu. Kada ya sa hannu kan takardar da bai karanta ba. In hukunci bai yi masa ba, ya fara ɗaukaka ƙara a cikin jami'a, sannan ya je ofishin CHRAJ na Tamale, inda ake karɓar koke kyauta. Kada a yi jinkiri, domin zuwa kotu yana da wa'adi.

Muna kira ga shugabannin GMSA da limaman harabar jami'o'i su zaunar da sababbin ɗalibai su karanta musu wannan littafi tun makon farko. Musulunci ya koya mana cewa alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ɓangarori biyu. Allah Ya tsare mana zuriya.