Dala Ashirin Ta Sarki Faruku

Jama'a, a watan Yuni na 2021 aka yi gwanjon wata tsabar zinariya a birnin New York na Amurka. Abin da aka rubuta a jikinta dala 20 ne kacal, amma sai da aka biya dala miliyan 18 da dubu 872 kafin a sallama. Zinariyar da ke cikinta kuwa ba ta cika oza ɗaya ba, watau a lokacin ba ta kai ta dala dubu biyu ba. To, me aka saya?

Da fari dai ƙaranci. A 1933 an buga irinta guda 445,500 a Philadelphia, amma kafin a fitar da su Shugaba Roosevelt ya hana jama'a ajiye zinariya, aka narkar da su. Biyu aka keɓe wa gidan tarihi. Wasu 'yan kaɗan suka sulale ta bayan gida, hukuma ta bi sawunsu tana ƙwacewa.

Ɗaya ta faɗa hannun Sarki Faruku na Masar a 1944, da takardar izinin fita da aka bayar bisa kuskure. Bayan an tuɓe shi a 1952, aka sa ta cikin gwanjon kayansa a Alƙahira a 1954, Amurka ta nemi a cire ta, daga nan ta yi ɓatan dabo. Sai a 1996 aka kama wani dillali Bature ɗan Ingila da wadda ake kyautata zaton ita ce. Bayan doguwar shari'a aka daidaita, ta zama ita kaɗai doka ta yarda mutum ya mallaka.

Na biyu kuma daraja. Masana wannan sana'a suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama sai tsabar da ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba. Da madubin ƙara girma ake duba ƙyallinta na asali, da kaifin zanenta, da kowane ɗan ƙwarzane. Wannan ta sami 65.

A nan ne nake tausaya wa mutanenmu. Mu in tsohuwar tsabar zinariya ta shigo hannunmu, sai mu kai wa maƙeri ya goge ta tas, ko ya huda ta a rataya wa amarya. A wurin masana, gogewar nan ɓarna ce, hudawa kuwa ta fi muni, don sau da yawa sai dai a saya da awon nauyi.

Af, na kusa mantawa. Da aka fara gwanjonta a 2002 a kan dala miliyan 7 da dubu 590, sai da mai saye ya ƙara wa gwamnati dala 20 daidai, kafin a amince ta zama halattaccen kuɗi.