Fentin bambar mota a gida: Arhar da kan sa a biya sau biyu

Da wuya a tsaya a cunkoson Kawo ko titin Ahmadu Bello da yamma ba a ga motar da bambarta ta sha guga ba. Keke Napep ya gifta ya shafa, mai babur ya kutsa ya bar tabo, wani kuma ƙofar gidansa ya goga wajen shiga. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kayan fenti sun yi tsada kamar komai, kuɗin aikin fenta ma ya tashi. Shi ya sa wasu masu motoci a Kaduna suka koma sayen fentin gwangwani da samfefa, su kalli bidiyo a YouTube, su tsuguna a ƙofar gida su fesa da kansu.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi sauƙi. Matsalar ita ce abin da ake biyan fenta dominsa ba fesawar ba ce, sajewar ce: sabon fenti ya narke cikin tsoho har ido ya kasa gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Nan ne aikin gida yakan zama gyaran gangar Auzinawa.

Kowace mota tana da lambar launi, galibi a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A Toyota, 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 kuma ruwan azurfa. To amma ko an samu lambar daidai, launin ranar da motar ta fito daga kamfani za a samu, ba na motar da ta yi shekara goma sha biyar tana shan rana ba. Shi ya sa ƙwararren mai haɗa fenti yake gwadawa a gefe, ya kara da jikin motar a rana, ya ƙara wannan ya rage wancan. Launi mai ƙyalƙyali ya fi wuya, domin ƙananan ɓarɓashin alminiyon da ke cikinsa suna kwanciya ne gwargwadon nisan hannu da saurinsa. Gwangwani ɗaya, hannu biyu, launi biyu.

Ita bamba kuma roba ce, ba ƙarfe ba. Idan gugar ta kai ga robar, sai an fara fesa maganin da ke sa fenti ya kama, sannan firaima, in ba haka ba bayan 'yan watanni fentin ya fara ɓarewa a wurin wanki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zagaye tabon da salatif a fesa a tsakiya. Ana cirewa sai ga faci mai kusurwa huɗu. Fenta yakan fesa launin sirara-sirara, kowane zagaye ya ɗan zarce na baya yana dusashewa, sannan ya rufe da fentin sheƙi har zuwa inda bambar ta lanƙwasa ko ta ƙare. Ga kuma yanayi: ƙurar hunturu tana sauka a ɗanyen fenti, damshin damina kuma yana sa shi ya yi hazo.

Wannan ba ya nufin komai sai an kai gareji. Akwai gwaji mai sauƙi: a shafa farce a kan gugar. Idan farcen bai maƙale ba, saman sheƙin ne kawai ya karce, sau da yawa ma fentin Keken ne ya manne a kai. Samfefa mai lamba 2000 da ruwa, a hankali, sai man goge mota, sun isa. Idan farcen ya maƙale, ko baƙar robar ta bayyana, ko bambar ta tsage, aikin ya wuce ƙofar gida.

Mai cewa kuɗin fenta ya yi yawa yana da hujja, amma lissafin bai ƙare a nan ba. Fentan da aka kai wa ɓataccen aiki sai ya kankare fentin gwangwanin tukuna, wannan ƙarin kuɗi ne. Ranar sayarwa kuwa, dillali ba ya ganin faci a bamba ya ce guga ce. Cewa zai yi motar ta taɓa karo, ya zaftare farashi. Tabon da aka bari yadda yake ya fi facin da aka yi ba daidai ba daraja, domin shi ba ya jawo zargi.

Garin da ke da kasuwar Panteka bai rasa masu aikin hannu ba. Abin da ya kamata mai mota ya yi shi ne ya nemi fentan da zai duba lambar launi, ya gwada haɗinsa a rana a gabansa, su yi ciniki a kan bambar kaɗai. Idan aljihu bai kai ba, a bar tabon har ya kai. Roba ba ta tsatsa, bamba za ta jira.