An ce a rage tuwo da sukari: to, a ci mi?

Ciwon sukari, wanda a asibiti ake kira diyabet, ya daina zama ciwon da muke jin labarinsa daga nesa. Ya shigo Yamai, ya shigo Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya zauna musamman a gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, waɗanda aikinsu na zaune ne, tafiyarsu kuma bisa moto ko cikin mota. Ƙungiyar duniya mai yaƙi da wannan ciwo ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manyan mutane miliyan 537 ke ɗauke da shi, miliyan 24 daga cikinsu a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kuma fiye da rabin waɗannan ba su ma san suna da shi ba.

Wanda ya je aka auna jininsa da safe bai ci kome ba, aka ga sukarin ya kai garam 1,26 a lita ko ya wuce, aka sake aunawa aka tabbatar, to zai fito daga wurin likita da takardar magani da kuma umurni guda: rejim. A rage tuwo, a rage shinkafa, burodi da makaroni, a bar sukari da lemun kwalba. Haka ake faɗa wa mai ƙiba da ta yi yawa. Mutum ya koma gida da niyya mai ƙarfi. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku yana daurewa. A rana ta huɗu sai a same shi bisa kwanon shinkafa, ko ya aiki yaro ya sayo masa fanke a ɓoye. Daga nan sai magana ta tashi a gida: ba ya jin magana, kwaɗayi ya yi masa yawa, shi ke kashe kansa.

Mu a ganinmu wannan hukunci bai dace ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, gaskiya ne, amma kwaɗayin da ke kama mai sabon rejim yana da dalilai cikin jiki, yana da lokacin da yake ƙarewa, kuma akwai dabarun da ake bi a rage shi. Laifinmu mu duka shi ne muna gaya wa maras lafiya abin da zai bari, ba mu gaya masa abin da zai ci a madadinsa, ba mu kuma faɗa masa abin da zai ji a jikinsa a makon farko.

Ga yadda abin yake. Duk abinci mai sitaci, ko gero ne, ko dawa, ko shinkafa, ko rogo, idan ya shiga ciki sukari yake komawa ya bi jini. Abin da jiki bai ƙona ba nan take sai ya yi ajiyarsa: kamar garam 100 a hanta, kamar garam 400 a tsoka. Kowane garam na wannan ajiya yana riƙe da wajen garam 3 na ruwa. Ranar da mutum ya rage sitaci, jiki yana buɗe rumbun nan ya ci, ruwan da ke tare da shi ya fita ta fitsari, ƙoda kuma ta zubar da gishiri fiye da yadda ta saba. Shi ya sa ake jin ciwon kai, kasala, jiri, saurin fushi, wani lokaci da naɗewar jijiyar ƙafa cikin dare. Shi ya sa kuma sikeli ke nuna an rage kilo 1 ko 2 a mako guda, mutum ya yi murna, alhali yawancinsa ruwa ne. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin wajen garam 120 na sukari a yini. Kafin jiki ya saba da ƙona kitse ya cike giɓin, sai ta yi ta kiran abin da ta sani. Wannan kira shi ne marmarin burodi da ƙarfe goma na safe. Galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu abin yana lafawa. Duk wanda ya taɓa yin azumi ya san kwanakin farko ba ɗaya suke da na tsakiyar wata ba.

Ba kuma sabuwar dabarar zamani ba ce. Kafin a gano insilin a birnin Toronto na Kanada a 1921, rage sitaci da sukari shi ne kusan dukan abin da likitoci ke iya yi wa mai diyabet. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, wanda ya bi mutane 270 tsawon shekara 2, ya nuna abin da mutane da yawa ba su zata ba: waɗanda suka rage sitaci, sha'awarsu ga sitacin da kayan zaƙi raguwa ta yi, ba ƙaruwa ba. Ke nan wahalar ta farko ce. Wanda aka gaya wa haka tun ranar da aka sa masa rejim ya fi samun ƙarfin daurewa bisa wanda ke zaton haka zai ƙare rayuwarsa.

Sai mu dubi yinin ma'aikaci a birni, mu ga daga inda aka taso. Da safe burodi da shayi mai madara da sukari, ko koko. Da hantsi waina ko fanke a bakin buro. Da rana shinkafa, wani lokaci da makaroni a kai. Da la'asar fura. Da dare tuwo. Tsakanin waɗannan kuma ga shayin fada, kofi uku, na ƙarshe ya fi kowane zaƙi. Garam 100 na burodi yana da sitaci fiye da garam 50. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana da sukari wajen garam 35, watau ƙwayar sukari 6 ko 7. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarar da ta bayar a 2015, ta ce sukarin da babban mutum ke ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya wuce wajen garam 50 a yini, in ma an tsaya a 25 ya fi. Mutumin da ya shekara talatin a kan wannan tsari, a ce masa ya bari rana ɗaya ba tare da an ba shi wani abu ba, an ba shi aikin da ba zai iya ba. Likitoci suna kiran rejim mai ƙarancin sitaci idan abin da ake ci a yini bai kai garam 130 ba. Wannan ragewa ce, ba hanawa ba ce, kuma ga mutane da yawa ya fi sauƙi a sauka mataki-mataki: makon farko a bar lemu da sukarin shayi, na biyu a raba burodin safe biyu, na uku a rage malmalar tuwo.

Babban maganin kwaɗayi shi ne ƙoshi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai rejim da ya tashi daga kwano da yunwa ba zai kai la'asar ba. Wasu na cewa wannan rejim na masu kuɗi ne, sai wanda ke iya sayen balangu da kaji kullum. Akwai gaskiya a ciki, don ba abin da ya kai hatsi araha. Amma ƙasarmu ba ta rasa abin da ke riƙe ciki ba. Ga ƙwai, na kaza da na zabo. Ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ga nono da kindirmo marar sukari, ga cuku da makiyaya ke kawowa daga arewa. Ga busasshen kifi na kogin Kwara da na Diffa. Ga zogale, rama, tafasa, yakuwa, lalo da kuɓewa, ga kabeji, salati, tumatir da karas na lambunan rani, ga albasar Galmi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ma'aikata ke rainawa suna ce masa abincin ƙauye, ya fi farantin makaroni amfani ga mai diyabet nesa ba kusa ba. Wake yana da sitaci, kada a ruɗi kowa, amma sukarinsa a hankali yake shiga jini kuma yana daɗewa a ciki. Dafaffen wake da mai da albasa, gwargwado, ya fi shinkafa da wake inda shinkafar ta rinjaya.

Dabarar kwano ita ce a juya shi. Mun saba tuwo ne sarki, miya baiwa. A mai da miya mai ganye da yawa, tuwon ya zama kamar dunƙulen hannu, a fara da ganye da nama ko kifi kafin a taɓa shi. Fura ma ba sai an rabu da ita ɗungum ba idan likita bai hana ba: a yawaita nono, a rage dawo, kada a sa sukari. A kuma lura da masu cewa zuma da dabino ba su da laifi tun da ba daga masana'anta suka fito ba. Jini bai san wannan bambanci ba. Haka rake, haka mangwaro idan aka zauna aka sha biyar.

Akwai kuma kwaɗayin da ba na ciki ba ne, na sabo ne. Yana da sa'arsa da wurinsa: bayan sallar la'asar, ko lokacin da aka ɗora buta a fada, ko idan aka bi ta gaban mai tuyar waina. Irin wannan yana tasowa kamar guguwa, ya yi ƙarfi, in ba a biya masa ba ya wuce. A sha ruwa, balle a watannin zafi. A tashi a taka ƙafa. A riƙe ɗan ƙullin gyaɗa a aljihu ko a aljihun tebur. A yi barci isasshe, domin an tabbatar rashin barci yana ƙara yunwa da son zaƙi washegari. Game da shayi, ba mu ce a bar fada ba, zumunci ma lafiya ne. A roƙi mai haɗawa ya zuba kofi ɗaya kafin ya sa sukari. Ranar da aka karya kuma, a wurin suna ko ɗaurin aure, ba a ce rejim ya rushe ba. A ci gaba daga abinci na gaba.

Nan ne iyali ke shigowa. A gidajenmu tukunya ɗaya ce, kwano ɗaya ne, kuma ƙin cin abin da aka tuƙa ana ɗaukarsa raini ga mai girki. Magidanci ba shi ke shiga madafa ba. Idan likita ya yi masa bayani shi kaɗai, uwargida ba ta ji ba, bayanin ya tsaya a ƙofar asibiti. Idan kuwa macen ce ke da ciwon, abin ya fi tsanani: ita za ta dafa shinkafar, ita za ta raba, ƙamshin yana dukan hancinta, sa'an nan a ce kada ta ci, kuma ba a ƙara mata kuɗin cefane ba. Maƙwabta da dangi su ma su rage tayin dole. Wanda ya ce likita ya hana shi, kada a ce masa loma ɗaya ba ta kisa, kada kuma a fara raɗe-raɗin cewa ya rame, ko wani abu ke damunsa. Har yanzu muna auna wadatar mutum da girman tumbinsa, mata kuma ana yaba musu ƙiba. Wannan ma yana cikin abin da ke mai da mai rejim baya.

Akwai gargaɗi guda da ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. Mai shan allurar insilin, ko ƙwayoyi irin su gilibenkilamid da ke tilasta wa jiki sauke sukari, kada ya rage sitaci da kansa ba tare da likita ya gyara masa awon magani ba. Sukarin jininsa na iya faɗuwa ƙasa da garam 0,70 a lita. Alamunsa su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, gani dishi-dishi, yunwa mai tsanani da ruɗewar magana. Wannan ba kwaɗayi ba ne da za a daure masa. Nan take a sha ƙwayar sukari 3 ko rabin kwalbar lemu, a ci abinci, a je asibiti. Wanda ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a kai shi kurum. Mai hawan jini kada ya ƙara gishiri don ya ji an ce jiki na zubar da shi, sai ya tambayi likita. Mace mai ciki ko mai shayarwa, yara masu girma da mai ciwon ƙoda, wannan rejim ba nasu ba ne sai da umurnin likita. Manomi da ke wuni da hauya kuma lafiyarsa ƙalau, ba da shi ake wannan magana ba; ya sha furarsa.

Muna kira ga ma'aikatan kiwon lafiya, daga manyan asibitoci har ƙananan gidajen likita na karkara, da su riƙa kiran mai girkin gida ta zauna tare da maras lafiya ranar da za a yi bayanin rejim. A yi bayanin da Hausa ko da harshen da suke ji, a auna da ludayi da ƙwarya da dunƙulen hannu, a ambaci abincin da ke kasuwar garinsu a wannan wata. A ba su ranar dawowa bayan mako biyu, don a lokacin ne mutane suka fi sarewa. Gidajen rediyo da malaman yaƙi da jahilci su ma suna da rabonsu: takarda guda mai ɗauke da abincin mako ɗaya, da manyan baƙaƙe, wadda za a manna a bangon madafa, ba ta fi ƙarfin kowace ma'aikata ba. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Idan za a yi taro a wannan rana, a kawo tukwane da ganye a dafa a gaban jama'a, kowa ya ɗanɗana.