Abinci mai daraja ba sai da giya ba

A manyan biranen Turai da Amurka akwai wani salon cin abinci da ya zama abin yayi. Mutum ya zauna bai zaɓi komai ba, babban kuku ya yi ta aiko masa da ƙananan kwanuka ɗaya bayan ɗaya, goma ko ashirin, kowanne bai wuce loma biyu ko uku ba, har a shafe awa uku a kan tebur. Gidan cin abinci na elBulli na Ferran Adrià a ƙasar Sifen, wanda ya rufe a 2011, yakan kai kwano talatin a zama ɗaya. Kusan ko'ina ana haɗa wannan jerin ɗanɗano da giyar inabi, kowane kwano da irin tasa, har mashayun giyar ma suka koma suna sayar da shi. An daɗe ana haɗa su har jama'a suka ɗauka ɗaya ba ya tsayuwa sai da ɗayan. Ni kuwa ina ganin sabo ne da neman riba suka ƙulla wannan aure, girkin kansa ba ya buƙatarsa.

Masu kare giyar suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa tsaminta yana yanke maiƙo, baurinta yana wanke harshe, sai kwano na gaba ya tarar da baki a shirye. Aikin gaskiya ne, amma tsami da bauri ba giya ce ta mallake su ba. Zoɓon da ba a cika masa sukari ba yana da duka biyun, tsamiya tana da tsamin da ya fi na inabi kaifi, citta da kanumfari kuma suna tayar da harshe. Gidan Noma na René Redzepi a Kwapanhagan, wanda aka zaɓa gwanin duniya har sau biyar tsakanin 2010 da 2021, ya daɗe yana ba baƙinsa jerin ruwan 'ya'yan itatuwa da na ganyaye a madadin giya, kuma da irin kulawar da ake yi wa abincin ake haɗa su. A Dubai kuma, gidan Orfali Bros na wasu 'yan'uwa uku 'yan asalin Halab ta Siriya ya zo na ɗaya cikin gidajen abinci a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka a 2023 da 2024, alhali ba a sayar da giya a cikinsa. Waɗanda suka zaɓe shi ba su ga wani giɓi ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin ta kuɗi ce. Ribar girki irin wannan ƙanƙanuwa ce, ma'aikata da yawa, kayan miya masu tsada, kwalbar giya kuwa ana ninka kuɗinta sau biyu ko uku, ita ke toshe ramin. Masu gidajen sukan ce in an cire ta sai a rufe ƙofa. To amma giyar ma ba ta hana rufewa ba. A Janairun 2023 Redzepi da kansa ya bayyana cewa tsarin ba mai ɗorewa ba ne, watanni kaɗan bayan Noma ta fara biyan masu koyon aikin da a da suke yi mata kyauta. Ashe matsalar tana cikin yawan hannayen da ake buƙata don ƙawata loma guda, kuma maganinta rage almubazzaranci ne. Ban da haka, wanda ba ya shan giya shi ma da kuɗinsa ya zo, zai biya abin sha mai kyau in an yi masa. Gidan da ya miƙa masa lemon kwalba kawai ya wulaƙanta baƙo, ya kuma bar ciniki a ƙasa.

Wani zai ce me ya kai Musulmi wannan magana. Mashayar da giya ce sana'arta ba wurinsa ba ce, hadisi ya hana zama a teburin da ake shan ta, ba ni da ja a kan haka. Sai dai abincinmu ya riga mu isa waɗancan tebura. Adejoké Bakare, wadda ta taso a Kaduna, ta samu lambar yabo ta tauraron Michelin a 2024 da gidanta Chishuru a Landan, baƙar fata mace ta farko da ta samu haka a Birtaniya, kuma sinasir yana cikin abin da ta ciyar da baƙinta. In sinasir ya cancanci wannan matsayi, kunun aya da fura da zoɓo ma sun cancanci a zauna a yi musu nazari, a san wanne ya dace da kilishi, wanne da miyar kuka.

Masu gidajen abinci na Kano da Abuja da Yamai su ne suka fi kowa damar yin wannan aiki, tun da da yawa daga cikin baƙinsu ba sa jiran kwalba tun farko. Su tsara jerin kwanuka shida ko bakwai a farashin da ma'aikaci zai iya biya, su biya yaran kicin haƙƙinsu, su kuma ba abin shanmu kulawar da suke ba tukunya.