Mai Ciwon Suga Yana da Haƙƙin Sanin Abin da Ake Sayar Masa



Duk mai bin hanya daga Gubi zuwa cikin garin Bauchi ya ga sabon yayin da ya shigo sana'ar abinci. Ga garin acca a leda an rubuta "na masu ciwon suga", ga garin alkama, ga zuma, ga zoɓo wai mai saukar da hawan jini. Da yawa daga masu sayarwa matanmu ne da 'ya'yanmu, masu saye kuma iyayenmu ne. Shi ya sa ba za mu yi shiru ba.

Acca abinci ce mai kyau, kuma a jiharmu ake nomanta, a wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro. Amma ita da alkama da shinkafa da masara duk sitaci ne, ciki yana mayar da su suga. Wanda ya cinye malmala uku ta tuwon acca, sugansa zai hau. Zuma da dabino su ma suga ne. Haka mai hawan jini: ko an rage gishiri a miya, in an zuba dunƙule da yawa, gishirin ya dawo ta bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne dattijo ya ji an ce wannan gari yana warkarwa, sai ya ajiye maganin asibiti. Ƙarshen hakan mun sani: gyambon ƙafa da ba ya warkewa, raunin ido, ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki.

Doka ma tana tare da mai saye. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta hana yi wa kaya tallar ƙarya ko ta yaudara. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar abincin da aka ƙulla a leda ko kwalba, amma lambarta a jikin abinci ba shaidar cewa yana warkar da ciwo ba ce.

Ba mu ce a daina sana'a ba. 'Yan'uwa masu sayarwa, ku faɗi abin da kuka sa a ciki. Ku ware zoɓo da kunu marasa suga. Ku tanadi miya mai ƙarancin gishiri da dunƙule. Ku rage tuwo, ku ƙara zogale da rama da alayyahu. Mai ciwon da ya yarda da ke, Hajiya, kullum zai dawo, har ya kawo wani. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Masu saye, tambaya haƙƙinku ce, ba rashin kunya ba. Wanda bai iya karatu ba ya ba yaro ledar ya karanta masa, ko ya kawo ta ajin yaƙi da jahilci mu duba tare. A riƙa gwajin suga da awon jini a asibitin unguwa ko Asibitin Koyarwa na ATBU, kuma kada kowa ya bar magani sai da izinin likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.

Sakataren Ƙungiya